Ƙwarin Dakusa Sun Ƙi Yin Shiru

Ku yi mini uzuri, masu karatu, yau da ƙwari zan fara. Wata 'yar uwa ta rubuto mini daga Maraɗi tana dariya, wai tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin budurwar da ake zuwa zance wurinta da kwalbar ƙwari ba. To 'yar uwa, ga ta kin samu. Gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: sunana Lubabatu, a gida Luba. 'Yar Birni ce ni, nan cikin Damagaram. Babana baduku ne, duk wanda ya shiga zaurenmu da ƙamshin fata zai fita. Ina shekarar ƙarshe ta masta, wato digiri na biyu, aikina kuma a kan ɗan jan ƙwaron nan ne da kuke gani a garin gero ko fulawa idan ya kwana biyu, wanda mahaifiyata, Inno, take tankaɗewa da rariya tana tsaki. Ni kiwonsa nake yi. Ina ba shi abinci, ina duba lafiyarsa.

Wanda ya jefa ni cikin wannan aiki shi ne Abdulmumin, ɗan unguwar Zango, wanda yake gaba da ni a jami'a. Ranar da na fara shiga labo, wato ɗakin bincike, shi ya tsaya bayana yana gyara mini madubin ƙara girma. Ya ce kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado, kowace da aikinta: wannan ta ce a yi ƙafa, waccan ta ce a yi ido. In kana so ka san aikin wata ƙwaya, sai ka rufe mata baki, ka ga abin da zai ɓace. Akwai ruwan da ake haɗawa don ƙwaya guda kaɗai, a zuba a allurar gilashi da ta fi gashin kai siriri, a soka wa macen ƙwaro. Idan ta yi ƙwai, 'ya'yan sai su fito babu abin da ƙwayar nan take ginawa. Ranar na kashe ƙwari bila adadin, hannuna sai rawa yake. Shi ya ɗauka tsoron allura ne. Ni na san ba shi ba ne.

Daga baya ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya tafi Jamus yin digirin dakta. Da zai tafi bai aiko kowa gidanmu ba. Abin da ya ce kawai, muna tsaye bakin ƙofar labo, shi ne, “Luba, ki jira ni.” Na ce to. Wannan “to” ɗin nake riƙe da shi har yau, damina na zuwa tana wucewa.

Ranar Lahadi bayan la'asar yake kira. Ya nuna mini dusar ƙanƙara ta taga, ni kuma in hau soro in nuna masa duwatsun Birni da hasumiyar masallaci. Ya ce yana kwaɗayin alkaki, in ce ya dawo ya ci. A labo akwai kujerarsa mai gajeriyar ƙafa, wadda ya tokare da guntun kwali. Har yanzu kwalin yana nan. Na hana mai shara taɓa shi, ban kuma gaya mata dalili ba.

Wata Lahadi ya kira cike da murna. Ya gano wata ƙwayar gado, wadda in aka rufe mata baki, tsutsar ƙwaron ba ta yin kai, a cikin ƙwai take mutuwa.

“Kin san me wannan yake nufi?” ya ce. “Wata rana rumbunan ƙauyukanmu, su Dogo da Dakusa, ba za su ƙara neman guba ba. Zan aiko miki da ruwan, ki gwada a ƙwarin gida. In ya yi, sunana da naki za su fito a layi ɗaya.”

Shi takardar bincike yake nufi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, katin ɗaurin aure na hango.

Ruwan ya iso, an busar da shi, cikin ɗan bututu, ta hannun wani ɗalibi da ya zo hutu. Saura ƙwarin gida. A nan Yaya Alkasum ya shigo labarin. Ɗan aminin Baba ne, malamin gona, kullum yana hanyar ƙauyuka da farar motar aikinsa. Tun ina ƙarama nake ce masa Yaya, shi kuma tunda na shiga jami'a yake tsokanata da Dakta. Da ya ji ina neman ƙwari, bai tambaye ni ko me zan yi da su ba. Sai ga shi da kwalba cike da tsohon gari da ya sharo a gindin injin niƙa a Dakusa, ƙwari na ta kai-kawo a ciki.

Na yi allura da bisimilla, na jira ƙwai, na tankaɗe su, na ajiye. Ranar da na leƙa madubi, sai na ga tsutsotsi suna ta yawo, kowace da kanta lafiya lau. Na ce hannuna ne. Na sake. Na kuma sakewa. Suka ƙyanƙyashe suna cin gari kamar ba su aka yi wa ba.

Na rubuta masa: “Mumin, sun ƙyanƙyashe. Da kawunansu.”

“Duka?”

“Kusan duka. Kaɗan ne ɗan ƙahonsu ya lanƙwashe.”

“Kin tabbata allurar ta shiga?”

“Kai ka koya mini.”

Sai ya kira, ba ma ranar Lahadi ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, “Ruwan ne ya lalace. Da wannan zafin naku, da kuran ɗinku, wutar lantarkin nan da take tafiya lokacin da ta ga dama, me zai saura?”

Zafin naku. Kuran ɗinku. Masu karatu, mutumin da aka yanke wa cibiya a Zango. Mutumin da ni da shi muka sha ɗauko ƙanƙara daga kasuwa a kan kabu-kabu, tana ɗiga a ƙafafunmu, don kar kayan labo su narke.

Na ce, “Firigon da yake sanyaya shi a kan sola yake. Kai ka ja wayar da hannunka.”

Sai ya ce, “Luba, a kan wannan sakamakon na gina rabin tez ɗina, kundin digirina ke nan.”

“To in ce sun mutu, alhali ga su suna yawo?”

“Ban ce ki yi ƙarya ba.”

“Me ka ce, to?”

Layin ya yanke. Ko reso ne, ko shi ne, har yau ban sani ba.

Daga ranar Lahadi ta zama kamar kowace rana. Sai dai saƙo: “Ya gida?” In ce, “Lafiya.” Ya ce, “Madalla.” In zauna ina kallon salula, in rubuta layi goma in goge. Ina hawa soro bayan la'asar don sabo, in tarar ba ni da wanda zan nuna wa duwatsun, in sauko.

Inno ta gani. Wata Juma'a suna murza alkaki ita da yayata Nafisa, ina gefe ina jujjuya waya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Wanda ake dafa wa tuwo ya kan leƙo madafa ko sau ɗaya, Luba.”

Nafisa ta ce, “Inno, ƙyale ta. Bature take jira.”

“Ba Bature ba ne,” na ce.

“To shi ya sani?”

Na tashi na bar musu tsakar gidan. Ban kai ɗaki ba Baba ya kira ni zaure. Yana zaune kan buzunsa, jar fata a cinya, yana huda ta da basilla. Ya nuna mini tabarma.

“Lubabatu, ni ba zan zaɓa miki ba. Ban yi wa yayarki ba, ba zan fara a kanki ba. Amma mahaifin Alkasum ya zo nan ya zauna inda kike zaune, ya tambaye ni ko akwai hanya. Wancan kuwa, ni a bakin salularki kawai nake jin labarinsa.” Ya ja zare ya ɗaure. “In kin gama sutnans, kin kare aikinki gaban malamanki, ina so in ji bakinki. Ba na son in bar aminina a tsaye a rana.”

“To, Baba.”

Kun ga “to” ta biyu ke nan, kuma ba su tafiya hanya ɗaya.

Da yammacin ranar Yaya Alkasum ya zo. Nafisa ta naɗa mini lafaya ruwan zuma da ƙarfin tsiya, ta turara ni har ina tari. Na same shi a zaure cikin shuɗiyar shadda, gabansa dabino da rake daga Gidimuni, gefe kuma kwalabe biyu da ya ɗaure wa baki da tsumma don ƙwarin su sha iska.

“Dakta, ga baƙi na kawo miki. Wannan daga Dogo, wannan daga bakin tafki. Mai injin ya ɗauka taɓin hankali gare ni. Na ce masa a'a, aike ne.”

Na yi dariya, wadda na daɗe ban yi irinta ba. Ya tambayi yadda aikin yake, na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Ni ban san ƙwayar gado ba. Amma in kin ce kin gani, kin gani.”

Wannan maganar da na so in ji daga wani bakin. Ta fito daga nasa, sai na ji kunya ta kama ni, don a daidai lokacin hannuna yana cikin lafaya yana taɓa salula, ko za ta motsa. Ya lura. Ya kawar da kai ya kalli fatun da Baba ya rataye.

“Na san akwai wani, Luba,” ya ce. “Ban zo ture kowa ba. Na zo ne don kar wata rana in ce da na zo.”

Na raka shi bakin ƙofa, na dawo da kwalabe biyu a hannu.

Madam Ramlatu ce ta fid da ni, malamar da take duba aikina. Ta je taro a Turai, ta bi ta labon su Abdulmumin, ta dawo da 'yar roba ɗauke da irin ƙwarin da suke aiki da su, da duk takardun izini. Waɗannan ƙwari sun yi shekara da shekaru a labo, suna aure a tsakaninsu, ba su san rumbu ba, ba su san rana ba. Ta ajiye robar a gabana ta ce, “Daina gardama da mutum a waya. Sauran ruwan nan da ya ce ya lalace, raba shi biyu.”

Na raba. Allura ɗaya, rana ɗaya, hannu ɗaya. Rabi ga matan ƙwarinsa, rabi ga 'yan Dakusa. Na ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Ranar dubawa na fara da nasa. Ƙwai ne kwance, babu wanda ya fashe. Na ƙara girman madubi, sai ga su a ciki: jiki da ƙafafu cif, wurin kai kuwa babu komai. Daidai yadda ya faɗa. Na juya kan na Dakusa, suna ta yawonsu. Na koma nasa, na dawo nawa. Sai na ji hawaye na ɗiga a kan farar rigata.

Ruwan bai lalace ba. Hannuna bai kuskure ba. Shi ma bai yi ƙarya ba. Ƙwaron ɗaya ne, ƙwayar da aka rufe wa baki ɗaya ce, amma sauran gadon da ke kewaye da ita daban ne. A jikin 'yan Dakusa akwai abin da yake tare gurbin, ko yake rage wa ruwan ƙarfi, Allah masani, mu dai ba mu gano shi ba tukuna. Madam ta sa na haɗa su aure, nasa da nawa, na yi wa matan allura. Sai muka ga idan uwar daga Jamus take, 'ya'yan ba sa yin kai ko da uban ɗan Dakusa ne. Idan kuwa uwar 'yar Dakusa ce, mafi yawa su tsira.

Da na ba Inno labari, ta riƙe haɓa ta ce, “Kar Babanku ya ji. Yanzu zai ce taurin kanki daga wajena ne, har boko ya shaida.”

Na tura wa Abdulmumin hotunan, nasa a dama, nawa a hagu, ban ƙara ko kalma ba. Na ga alamar ya buɗe. Shiru. Na yi sallar magariba, shiru. Gari ya waye na tafi labo, na ciyar da ƙwari, na dawo, shiru. Sai da la'asar, ina taya Nafisa guga, salula ta motsa. Saƙon murya. Na bar dutsen guga a kan zanen mutane na haye soro.

“Luba.” Ya ja numfashi. “Na gani. Jiya ban iya magana ba. Na kai wa farfesa, ina jiran ya ce aikina ya rushe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ya fi abin da na kawo masa da farko. Ya ce maganin da ba ya kama ƙwaron rumbu ba magani ba ne, gara mu sani yanzu. Ya tambayi wa ya yi allurar, na faɗi sunanki.” Ya gyara murya. “Na ce miki zafin naku. Na ji kaina bayan na faɗa, kunya ta hana ni kira. Ki yafe mini. Ana son ƙwari daga ƙauyuka da yawa, kuma ni aka ce in zo in ɗiba. Ina tafe, Luba. Wallahi ina kewar...”

Ya tsaya. Ina jin ƙarar mota tana wucewa a can ƙasarsu.

“...Damagaram,” ya ce.

Masu karatu, kar ku tambaye ni sau nawa na saurari wannan saƙo. Ba maganar nake saurare ba, ɗan shirun nan nake komawa, tsakanin “kewar” da “Damagaram”. Wani lokaci in ji sunana a ciki ƙarara. Wani lokaci in ji ba komai, mutum ne kawai yake haɗiye yawu. Ya yi maganar farfesa, ya yi maganar ƙwari, ya nemi gafara. Bai ce zai turo kawunsa zauren Baba ba. Sutnans ɗina kuwa har an kafe ranarta a allo.

Ga wata kuma: ni ban san injin niƙan da aka sharo garin nan ba, ban san hanyar Dakusa ba. Mutum ɗaya ne ya sani.

Na kira shi. “Yaya Alkasum, wanda nake aikin da shi zai zo daga Jamus. Yana buƙatar a kai shi wuraren da ka samo ƙwarin.”

“Shi ne?” ya ce.

“Shi ne.”

Na ji yana kashe injin mota. Can ya ce, “Zan kai shi. Duk inda na shara zan nuna masa. Yaushe zai sauka?”

“Alhamis, motar Yamai.”

“To ki shirya, in zo in kai ki tasha. Ba a tarbar baƙo a kan kabu-kabu.”

Na ce ba sai ya wahala ba. Ya ce ai ya riga ya wahala.

Ranar Alhamis na canza kaya har Nafisa ta ce za ta kulle akwatin. Na ƙare a atamfa kore mai ganye, wadda na sa ranar da ya tafi, ko zai tuna. Inno ta cika kwano da alkaki ta miƙo mini ba ta ce na wa ba ne. Da muka bi ta zaure, Baba ya ɗago ya dubi kwanon, ya dubi motar da ke tsaye a ƙofa, ya mayar da kansa kan fata.

Nafisa ta rako ni, ta zauna a tsakiya, ni a bakin taga. Yaya Alkasum yana tuƙi a hankali, yana kauce wa masu tura kurar ruwa. Da muka hango tasha sai ya rage gudu.

“Luba,” ya ce, idonsa a kan hanya, “tambaya ɗaya zan yi masa, a gabanki. Daga nan ba zan ƙara sa baki ba.”

“Wace tambaya, Yaya?”

“Wadda kike jin nauyin yi.”

Nafisa ta matse mini hannu har zobena ya shige nama.

Motar ta shigo gab da magariba. Mutane suka yi ta sauka, tsofaffi da buhuna, sojoji, mata da goyo. Na fara cewa a raina bai zo ba. Sai ga shi a bakin ƙofa, ya rame, ya tara gemu, jaka a kafaɗa, yana waige-waige. Idonsa ya faɗo kaina. Ya dubi atamfar, na ga ya gane ta. Na tsaya a inda nake, na rungume kwanon alkaki.

Ya nufo mu yana murmushi, ya buɗe baki zai kira sunana. Yaya Alkasum ya riga shi, ya tako gaba ya miƙa masa hannu.

“Barka da sauka, Malam Abdulmumin. Sunana Alkasum, ni zan kai ka Dakusa. Mahaifina ya je wurin mahaifin Lubabatu, ana jiran bakinta.” Bai saki hannun ba. “Don Allah gaya mini tun a nan, in san irin hanyar da za mu kama gobe. Ƙwari ka zo ɗauka, ko ita?”

Murmushin ya bar fuskar Abdulmumin. Ya dube shi, ya dube ni. Sannan a hankali ya sauke jakar daga kafaɗarsa ya ajiye ta a ƙasa.